Rabin Karatun Busasshen Rafi

"Lafiya lau, sai dai gwiwa. Ke kuma, Amarya, wane ƙunshin tsumma kika jibge mini a ƙafa?"

Haka mahaifinmu ya tarbi jikarsa, 'yar ƙanena marigayi, da hantsin ranar tafiyarta. An ɗauke ta aikin auna gandun daji, kuma wata uku za su yi a dawa ita da abokan aikinta. Tsohon, wanda ya shekara arba'in yana farauta kafin idanunsa su dushe, ya ce ba zai sa mata albarka ba sai ya tabbatar ta san daji. Ita kuwa ta ce ba za ta hau mota ba sai da albarkarsa. Ina gefe ina ɗinke mata maɗaurin jaka.

"Tanti ne, Ango. Sabo fil na sayo."

"Miƙo in shafa. Wannan? Ai ɗankwalin kakarki ya fi shi kauri."

"Gara shi da bukkarka da ake ba mu labari, wadda akuya ta cinye kana ciki kana minshari."

"Ƙarya ake mini! Ni da na taɓa baibaye bukka zaki yana riƙe mini igiya?"

"Tsufa ya gani ya tausaya."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi…"

"Babban da ya wuni jiya yana neman hularsa, alhali tana kansa?"

"To, marar kunya. Tsumman nan ya yage, me za ki yi?"

"In kafa gwafa biyu, in gitta sanda, in jingina rassa, in baibaye da ciyawa."

"Daga ina?"

"Daga ƙasa zuwa sama, ta sama ta hau kan ta ƙasa don ruwa ya zame. Ƙofa kuma ta ba iska baya."

"Aku ma yana hadda. Ruwan goranki ya ƙare."

"In kula da kurciyoyi da la'asar. Idan sun miƙe ƙasa-ƙasa ba sauka, mashaya suka nufa. In babu su, in nemi inda ɓaure ya yi kore shar alhali sauran itatuwa sun yi ƙayau."

"In babu ɓaure?"

"In nemi busasshen rafi, in je inda ya lanƙwasa, in tona gindin gaɓar da ruwa ke duka har yashi ya yi danshi. In jira ya taru ya kwanta, in tace da ƙyalle, in tafasa."

Tsohon ya gyara zama. Da ya sake magana, babu wasa a muryarsa.

"Kin sha, kin ƙoshi, kin gaji. Ga yashin rafin da laushi kamar katifa, ba ƙaya, ba tsakuwa. Sama garau, ko ɗigon gajimare babu. Ina za ki kafa tantin?"

Na dakatar da allura. Shekara goma sha tara ke nan da mahaifinta ya kafa bukka a cikin busasshen rafi. Aka yi ruwa a duwatsu masu nisa, ambaliya ta biyo rafin ta tafi da shi. Tsohon ne ya koya masa tonon rafi, bai kuwa taɓa yafe wa kansa rabin karatun da ya manta ya ba shi ba.

"A kan tudu, Ango," in ji ta a hankali. "Ko da tsakuwa za ta huda mini haƙarƙari. Ruwan da ya sauka inda ban gani ba ta rafin zai biyo, kuma ba ya sallama. Rafi tona shi ake yi, ba a shimfiɗa a cikinsa."

"Wa ya faɗa miki?"

"Kai mana. Tun ina shekara biyar, duk ranar da na zauna wasa a kwatar tsakar gida sai ka sure ni ka ɗora a kan dakali, kana cewa, 'Tudu, Amarya, tudu.' Gidan nan har kaji sun haddace."

Ya goge ido da hannun riga, ya ce hayaƙin murhuna ne. Ban hura wuta ba tukuna.

Ya lalubi ƙarƙashin kujera, ya jawo ɗan gajeren daginsa na tonon ƙasa.

"Kin ci ni. Ungo."

"Wannan mai tsatsa? Ai ya girme ka."

"Ya shayar da ni a inda uwata ba ta san ina raye ba. Aro ne fa, ba kyauta ba. Da hannunki za ki dawo mini da shi."

"In ka yi alkawarin zan tarar da kai."

"Ina zan je da wannan gwiwa?"

Ya yi dariya har da tari, sa'an nan ya lalubo kanta ya ɗora hannu.

"Allah ya yi miki albarka, Amarya. Tashi, kada mota ta bar ki."