Gajere Ya Rasu, Giwa Ta Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da har yanzu garin tawada bai fita daga faratansu ba, mai shagon buga takardu na ƙarƙashin bene, wanda unguwa ke kira Baba Tafireta, yana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan ciniki rasuwar abokin aikinsa Gajere, wato 'yar manhajar rubutun nan mai shuɗiyar fuska da ta zauna a kwamfutar shagon tun kafin a shafe titin gaba da kwalta.

Ajali ya same shi da hantsi, yana tsakiyar aiki, kamar yadda ya rayu. Mai kifi ta bakin kasuwa na zaune a benci tana zayyano ƙorafinta a kan maƙwabcin da ya juyo mata ruwan kwata ƙofar gida, Baba na zuba yatsu yana kallon bakinta, sai ya ji shiru. Ya kai ƙarshen layi, babu "ƙit". Ya ƙara kalma, babu "ƙit". Ya doki madannai da tafin hannu, ya kira sunan marigayin, ya kashe ya kunna. Mai kifi ce ta leƙo ta shaida masa cewa shuɗin nan ya tafi, wani farin akwati ne a wurin yana ba da haƙuri. Kalma ta ƙarshe da Gajere ya karɓa a duniya ita ce "kwata", ita ma rabinta ya samu.

Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su ɗauki zancen da ke yawo, wai mai kifi ce ta karanta saƙon domin idanun Baba sun daina aiki. Idanun Baba lafiyarsu ƙalau, hawaye ne suka tare su. Babbar 'yarsa ce dai ta daɗe tana faɗa a gaban kowa cewa ranar da ta tabbatar ba ya ganin abin da yake bugawa, ranar za ta karɓi makullin shago ta miƙa wa mijinta ya jera caja da rigunan waya, shi kuma Baba ya koma gida ya zauna kusa da rediyo. Muddin Gajere na numfashi, ko hujja ɗaya ba ta samu ba.

Ba a san iyayen marigayin ba. Shekarun baya, lokacin da wani ofis ya rufe aka yi gwanjon kayansa, Baba ya sayo wata tsohuwar firintar leza da ƙarti suka shigo da ita suna nishi, tun ranar aka sa mata suna Giwa. Giwa ta zauna a kusurwa ta ƙi magana da kowa. Duk manhajar da aka haɗa ta da ita, sai ta ƙyafta fitila ta yi kamar ba da ita ake ba. Baba ya zaga shagunan kwamfuta har takalminsa ya buɗe baki. Wani ya ce masa ya mai da ita kujera, wani ya ce akwai masu sayen ƙarfe. Ranar da ya haƙura, ya jawo aljihun takardar Giwa na ƙasa don ya share kafin ya sayar, sai ga ɗan faifai mai kusurwa huɗu an manna shi a ciki da salatif. Ya saka a kwamfuta. Fuska ta yi shuɗi. Ya buga kalma ɗaya, ya danna madanni biyu, Giwa ta yi gyaran murya, ta miƙo takarda da ɗuminta. Baba ya ɗora takardar a kumatunsa, bai sauke ba har ta huce.

Halayen marigayin sanannu ne. Ɗan ƙarami ne, bai kai nauyin hoton waya ɗaya ba, amma bai taɓa cewa aiki ya yi masa yawa ba. Kafin Baba ya gama gyara zama ya buɗe. Bai taɓa tambayar sunan kowa ba, bai nemi a yi masa rajista ba, bai san intanet ba kuma bai yi kewarta ba. Bai taɓa ja wa talaka jan layi a ƙarƙashin kalma don ya kunyata shi ba. Abin da ka faɗa shi zai riƙe, ko da shirme ne. Da ɗan linzamin nan da ake ja a kan tebur kuwa ba su taɓa gaisawa ba. Komai nasa a madanni yake, inda yatsa zai same shi ko an ɗauke wuta.

Sai muryarsa. Idan layi ya kusa cika, "ƙit". Idan ya adana aiki, "ƙit-ƙit", kamar mai cewa an gama, kwantar da hankali. Idan shafi ya ƙare, "tin". Idan takarda ta ƙare wa Giwa, sai ya ja dogon "tiiiin" mai kama da kukan jariri. Da waɗannan huɗun Baba ke tafiyar da shago, idonsa a kan fuskar mai magana, kunnensa a wurin Gajere. Abokan ciniki sun sha yaba wannan ladabi, suna cewa duk garin nan babu mai buga takarda da ke kallon mutum ido da ido sai shi. Baba bai taɓa musa musu ba.

Ciwon ajali ya shigo ta hannun alheri. Surukin Baba, mijin babbar 'yar, mutum mai son taimako ko ba a nema ba, ya zo wata ranar hutu ya ce kwamfutar ta tsufa, bari ya sabunta mata ƙwaƙwalwa kyauta. Washegari Gajere ya tashi, amma ba shi ba ne. Ya takure a wata 'yar taga a gefe, muryarsa ta dusashe, "ƙit" ɗinsa sai an kara kunne. Haka ya yi ta jan jiki yana aiki, bai kwanta ko yini ɗaya ba, har safiyar da kwamfutar ta ƙarasa sabunta kanta ba tare da ta yi sallama ba. Da aka kira suruki, ya iso da gudu, ya danna nan ya danna can, ya ce bari ya fara share tarkace tukuna. A iliminsa, duk abin da ya yi ƙanƙanta haka tarkace ne, har da Gajere. Iyalan marigayin ba sa zargin kowa. Suna dai lura da cewa tun a makon surukin ya fara tambayar faɗin tagar shago.

Duk da haka Baba bai karaya ba, domin faifan asali na nan. Ya adana shi adanar da ba a yi wa zinare. Don gudun ɓera da ruwan damina, maƙwabcinsa mai gyaran rediyo ya taɓa ba shi shawara, ya kuma haɗa masa da kyautar ƙaton mayen ƙarfe da ya ciro daga lasifika, suka manne faifan a saman jikin kabad ɗin ƙarfe, inda ko kyankyaso sai ya yi niyya. Shekara da shekaru yana nan, ɓera bai taɓa ba, ruwa bai taɓa ba. Aka sauko da shi da girmamawa, aka hure ƙura, aka saka. Fes yake, babu ko harafi ɗaya a ciki. Mai gyaran rediyo ya rantse cewa mayen ƙarfensa ƙarfe kawai yake ci, sannan ya tuna ya bar abu a kan wuta.

Marigayin ya rasu ya bar Giwa, abokiyar zamansa, wadda yanzu ba ta cewa uffan, fitilarta kawai ke ƙyaftawa. Ya bar allon madannai wanda haruffansa suka goge tuntuni, babu kuma wanda ya lura. Ya bar benci, da fanka, da katan-katan na farar takarda. Ya bar mai kifi, wadda ke zuwa kullum ta zauna ta tambayi inda aka kwana a zancen kwatarta, tana ƙarawa da cewa ruwan ya kai bakin ɗakinta. Ya kuma bar Baba Tafireta, da makulli a aljihu, da hannu a kan aljihun.

An nemi magaji, ba a zauna ba. Na farko da aka kawo ƙato ne, ya cinye rabin kwamfutar kafin ya ce sannu, sannan ya nemi suna da lambar waya. Na biyu ya dubi Giwa ya ce bai san irinta ba. Na uku ya yarda zai yi mata magana, ashe zagi ne: ta yi ta aman takardu, kowace da layi ɗaya na 'yan fuskoki da zane-zane, sai da aka cire mata wuta. Na huɗu yana da kyau, yana da ladabi, har ya buga shafi guda daidai. Amma kurma ne kuma bebe. Komai nasa a wasu 'yan hotuna yake, ƙanana kamar ƙwayar gero, sai an bi su da linzami. Baba ya zauna a gabansa ya lalubi linzamin, sannan ya ce launinsa bai yi masa ba.

Saboda haka ana cigiya. Duk wanda ya san wata 'yar manhajar rubutu, ƙarama, marar surutu sai inda ya dace, mai jin yaren tsohuwar firintar leza, mai cewa "ƙit" a ƙarshen layi, ya taimaka ya zo shago da kansa. Kada a aiko da saƙo ta waya, kada kuma a bi ta hannun suruki.

Za a yi sallama da marigayin gobe da yamma a cikin shagon. Za a naɗe faifan a farar takarda, a mayar da shi aljihun Giwa na ƙasa inda aka tsince shi, a rufe. Mata za su zauna a benci, maza a bakin baranda. An yafe wa mai gyaran rediyo, zai iya zuwa, amma ya bar kayan aikinsa a gida. An rubuta wannan sanarwa da babban alƙalami a bayan katan, da haruffa masu girman babban yatsa, domin masu wucewa su gani daga nesa, ba don wani dalili ba.

Gyara a kan lokaci. Ana cikin rubuta layin da ke sama, wata baƙuwa mai farar riga ta yi sallama, da ɗan akwati a hannu. Ba takarda ta kawo a buga mata ba. Ta gaida Baba har ƙasa, ta ce babbar 'yarsa ce ta turo ta, ta buɗe akwatin, gilasan gwajin ido suka yi ƙara a ciki. Yanzu haka ta rataya wani farin allo a bangon can, ta ja kujerar Baba baya, ta fita wanke hannu. Mai kifi ta ce haruffa ne a jikin allon, manya a sama, suna ƙanƙancewa har ƙasa.

Don haka an dawo da zaman makoki yau, yanzu-yanzu. Ana roƙon masu ta'aziyya su hanzarto, musamman waɗanda suka iya karatu. Su tsaya a bayan kujerar Baba, kusa da kunnensa na dama, su yi addu'arsu a hankali, harafi bayan harafi, su fara daga layin sama.