Motar Dubagari a Kasuwar Surukina

Komai tsufan da zan yi, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai baffana neman aurena a motar kaina ba. Shekarun da aka fara kashe naira ne, ina saurayi a Gumel, kaina cike da iska.

Yarinyar da nake so, Asabe, 'yar Sarkin Pawan wani ƙauye ce gaba da Ɗanzomo. Ubanta bai taɓa ganina ba, amma ya aiko da magana ɗaya: ba ya ba da 'yarsa ga marar sana'a. (Yana da gaskiya. Sana'ata a lokacin ita ce zaman tasha, ina gyara wa direbobi tuƙi da baki.) Na rantse sai ya gan ni riƙe da sitiyarin motata. Na sayar da bijiman da na gada, na tafi gwanjon tsofaffin motoci a Kano, na dawo da wata fara mai rufaffen baya, mai shan gas.

Aibinta ɗaya, tsohuwar motar dubagari ce. Yaran yanzu ba su san dubagari ba. Su ne masu leƙa randar ruwa da teburin mahauci, in nama bai yi musu ba su ƙwace su binne. A gefen motar an manna manyan haruffan roba, DUBAGARI, ga kuma hoton sauro mai girman zakara.

Kwana biyu na yi a gindin maina da ruwan zafi da reza, ina ɓarewa har farcena ya tsage. Da na gama, mota ta yi fes. Malam Tanko bakanike ya shafa wurin da tafin hannu, ya ce, "Akwai sauran danƙo. Ka wanke da kananzir."

Na ce, "Malam Tanko, abin da ido bai gani ba ai babu shi."

Bai ja ba. Ya duba injin, ya saita famfon gas, ya nuna mini wani ɗan noti mai hatimin dalma, ya ce ko a mafarki kada in taɓa shi. Ni kuwa da na gwada motar sai na ji ba ta da ƙarfin da zai burge suruki. Ranar tafiya da safe na ɓalle dalmar nan, na murɗa notin da sifana. Injin ya yi ruri. Na ji daɗi har cikin raina.

Muka kama hanya ni da Baffa, ya sha babbar rigarsa, ya rungume ƙwaryar goro. Motar ta riƙa keta rairayi, ina ta yabon kaina. Madubin gefe babu, don haka ban ga baƙin hayaƙin da muke ja ba. Salansar kuma ta gefe ta fito, daidai ƙarƙashin inda na ɓare rubutun. Baffa ya yi tari sau biyu ya ce, "Ɗan nan, ba abin da ke ƙonewa?" Na ce ƙarfi ne, Baffa.

Mun iske kasuwar ƙauyen tana ci. Ina karyo kwana mutane suka fara watsewa. Mai fura ta ɗauke ƙwaryarta ta yi bayan rumfa, mai ƙosai ta kife faifai a kan kasko. Mahauta suka kwashi nama a tire, wasu a kafaɗa, suka faɗa gonar gero. Ni a zatona kwarjini ne, har oda na danna musu.

Dattijo ɗaya ne bai gudu ba. Ina fitowa ya zagayo teburinsa, ya cire takalmi, ya rusuna a gabana, ya ce, "Ranka ya daɗe, sannu da zuwa. Naman nan yau da safe aka yanka, a duba."

Kafin in buɗe baki Baffa ya sauko, ya ce, "A'a, Sarkin Pawa, tashi. Ai yaron ne." Sannan ya kama kafaɗata ya juya ni.

Hayaƙi da ƙurar hanya sun bi danƙon nan sun zauna daram. DUBAGARI, baƙi ƙirin a kan fari, ya fi na da fitowa. Sauron ma ya dawo da ƙafafunsa cif. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Mutumin da nake neman 'yarsa ya cire mini takalmi a gaban kasuwarsa.

Sarkin Pawa ya mayar da takalminsa a hankali. Ya dubi motar, ya dube ni, ya ce, "Kai ne mai sana'ar?"

Baffa ya raɗa mini mu juya tun da sauran mutuncinmu. Na ce, "Baffa, goron nan ba zai koma Gumel ba." Na tuɓe kaftanina, na roƙi kananzir da tsumma, na hau gogewa a tsakiyar kasuwa. Mahauta suka riƙa fitowa daga gero ɗaya-ɗaya, nama duk ganye, kowa sai ya tsaya ya yi mini ba'a kafin ya wuce. Ban ɗago ba har la'asar.

Da na gama, Sarkin Pawa ya zo ya shafa wurin da hannunsa. Ya ce wa Baffa, "Malam, shigo da goron. Tunda bai gudu yau ba, ba na jin zai gudu ya bar mini 'ya. Amma motar nan a bayan gari za ta riƙa tsayawa."

Na samu Asabe, na kuma samu suna. Har jikokina sun san kakansu Dubagari ne, ita kuma in na leƙa madafa sai ta rufe tukunya ta ce, "Ranka ya daɗe, yau aka dafa." Tun daga ranar, in mai sana'a ya ce akwai saura, ba na tambayar idona. Kananzir nake nema.