Rasuwar Murjanin Alhaji Badaru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da har yanzu bai bushe ba, iyalan Alhaji Badaru na Runjin Sambo, dillalin shanu a kara, wato kasuwar dabbobi, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar murjaninsa mai rai. Ya cika ne a cikin akwatinsa na gilashi a falon gidan, bayan gajeriyar jinya da ta hana kowa sakat.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, ba irin murjanin da mata ke ɗaurawa a wuya ba ne. Halitta ce ta ƙarƙashin teku, mai rassa kamar ƙaramar bishiya, kore shar, da fata mai laushi a kan ƙashi. A Legas Alhaji ya gan shi lokacin da ya raka tirelar shanu, nan take ya ji duk duniya ba abin da yake so sai shi. Ya taho da shi Sakkwato da ruwan gishirinsa, ya kuma bugi ƙirji a majalisa cewa sai ya raya teku a garin da ruwan buta ke ƙona hannu da azahar.

Kowa ya shaidi marigayin da haƙuri da kamun kai. Bai taɓa fita yawo ba, bai taɓa sa baki a harkar wani ba. Ba a san shi da ɗaga murya ba, abin da za a riƙa tunawa da shi kawai shi ne "zuuu" na famfonsa da "ɓul-ɓul" na iskarsa. Rauninsa ɗaya, ba ya jure zafi. Saboda haka aka sallama wa injin sanyaya ruwansa solar gidan gaba ɗaya, masu rai irin namu suka koma mafici.

Ciwon ajali ya faro ne da wani ɗan farin tabo a gindin reshe. Alhaji, mutumin da ke gane saniya marar lafiya tun daga bakin kara, ya durƙusa da tocilan ya duba sama ya duba ƙasa, ya tashi da hukunci: hayaƙin turaren wutar matarsa Hajiya Khairiyya ne. A gaban baƙinta ya sa aka fitar da kasko, ya haramta turare a gidan. Ita da ke haɗa turaren da hannunta, har mata na zuwa daga Ƙofar Atiku neman sa, ta ji zafin abin har cikin ranta. Ta haɗiye, amma ba ta manta ba.

Turare ya tafi, tabo bai tafi ba. Sai Alhaji ya sake dubawa, ya ce ai wannan kirci ne, irin wanda ke cin fatar shanu, kuma dabba ce ta rasa ƙarfin jini. "Dabba dut dabba ta," in ji shi, "wadda ba ta da kuzari kanwa aka ba ta." Ya jiƙa jar kanwa mai kyau a kofi, ya tuttula wa majinyacin da zuciya ɗaya. Washegari fatar marigayin ta fara saɓulewa daga ƙasa zuwa sama, tana yawo a ruwa, farin ƙashi na fitowa fili. Alhaji ya ga haka, hankalinsa ya tashi, ya ƙara masa wani kofin.

Daga ƙarshe dai aka buga wa mutumin Legas da ya sayar wa Alhaji da murjanin wayar bidiyo. Ya bayyana cewa murjanin da ya koɗe amma fatarsa na nan, yakan farfaɗo in an gyara masa sanyi da haske, kuma da alama tabon farko irin wannan ne. Wanda fatarsa ta bar ƙashi kuwa, sai haƙuri. Ya sa aka gwada ruwan, ya ga sakamakon, sannan ya tambaya me aka zuba a ciki. Alhaji ya ce ba ya ji sosai, sabis ya ɗauke. Hajiya ce ta taimaka masa daga bakin ƙofa: "Alhaji, hwaɗa mai mana. Turarena na yak kashe shi, koko kanwakka ta?"

Marigayin ya rasu ya bar kifaye biyu masu ruwan lemo, waɗanda ba su nuna alamar sun san an yi rashi ba, da dodon koɗi guda da ya sha kanwar ya kuma ci gaba da lasar gilashi. Ya bar famfo, da fitila mai shuɗi, da rabin buhun gishirin teku da Alhaji ya ce duk wanda ya sa shi a miya bai yafe ba. Ya kuma bar Alhaji kansa, wanda tun daga ranar bai leƙa majalisa ba, ga baƙin ciki na gaske, ga kunya.

Za a fitar da gawar daga ruwa ranar Asabar bayan la'asar, a shanya ta, a ɗora ta a kan talabijin, inda za ta huta. Ana roƙon abokan sana'a daga kara su zo da ta'aziyyarsu kawai, su bar shawarar magani a gida. Za a karɓi gaisuwa a falon, inda za a tarar da kasko biyu suna ci. Masu son sanin musabbabin rasuwar, don Allah kada su tambayi Alhaji, yana cikin jimami. Hajiya Khairiyya za ta zauna kusa da ƙofa, kuma za ta faɗa wa kowa, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.