Masu Sha Daga Ƙarshe

A Dajin Gawo doka ɗaya kowa ya haddace: idan rani ya ƙafar da kogi, dangin Gadu ne ke tona rijiya a cikin yashi, su ne kuma ke sha daga ƙarshe, bayan kofatai sun dama ruwan ya zama laka. Sunan wannan abu tsari, kuma masu sha da farko suna yaba shi ƙwarai.

Alƙalin ruwa shi ne tsohon Gwanki. 'Yarsa Kyauta ta tashi ba ta san wani adali sama da shi ba. Har tafiyarsa take kwaikwayo. Da ta girma aka ba ta wuri a majalisa, ta zauna kusa da shi cike da alfahari.

Ran nan uwar Gadu ta tsaya a gaban majalisa. "Ranka ya daɗe," in ji ta, "laka tana kashe mana 'ya'ya. Ba mu ce mu riga ku ba. A dai bar ƙananan su sha kafin a dama."

Kyauta ta saki ranta, domin ta san ubanta.

Gwanki ya miƙe, ya yi gyaran murya. "Jama'a, ni ba na ƙin Gadu. Uwar wannan baiwar Allah ta yi wa gidanmu hidima, mun rabu lafiya. Amma an halicce su don tona ne, cikinsu kuma ya saba da laka. Idan ɗan Gadu ya sa baki a ruwa kafin jikana, wa zai iya sha bayansa?"

Bai ɗaga murya ba. Da wannan muryar yake yi mata tatsuniya tana ƙarama, abin da ya fi yi mata ciwo ke nan.

Aka ce mai goyon bayan alƙali ya buga kofato. Ƙasa ta girgiza. Kyauta ba ta buga ba, amma ba ta ce uffan ba.

Da aka watse ta tare shi. "Baba, 'ya'yansu fa mutuwa suke yi."

"Kin cika tausayi, uwata," in ji shi, ya lashi goshinta. "Zo ki sha tun bai gurɓace ba."

Ƙishirwa take ji. Ta sunkuya ta sha tana kuka, 'ya'yan Gadu suna tsaye a rana suna jiran ta gama.