Ranar da na saukar da dusar ƙanƙara a Bukit Jalil

Ko na so, ba zan taɓa mantawa da Kirsimetin da ya same mu a tsakiyar korona ba, domin maigidana ba zai bar ni in manta ba. Ni dai mace ce mai yarda da kanta, wannan ba na musu. A cikin matan 'yan Arewa da muka biyo mazajenmu karatu Kuala Lumpur, ni ake tambaya duk abin da ya shafi Turawa, saboda Turanci na karanta a jami'a kuma na sha kallon finafinansu. Ana tambayata ina ba da amsa, ko na sani ko ban sani ba, kuma ba a taɓa kama ni ba sai a wannan karon.

Ƙofarmu tana kallon ta wata dattijuwa 'yar Ostareliya, Anti Marion, malama a ɗaya daga cikin jami'o'in unguwarmu ta Bukit Jalil. Da can gaisuwar lif kawai ke haɗa mu. Sai korona ta kwantar da ni da Abban Hanifa lokaci guda, aka kulle mu a gida da 'yarmu Hanifa mai shekara biyar. Matar nan kullum sai ta ajiye mana abinci a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa ta koma. Kafin ta fara ma sai da ta turo saƙo tana tambayar me muke ci, me ba ma ci, sannan ta riƙa yo mana tapau, wato abincin saye da ake ƙunshewa, daga shagon wasu Musulmin Malayawa don hankalinmu ya kwanta. Da yamma ta fito barandarta ta yi ta yi wa Hanifa waƙa ta tsallaken bango. Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta karye.

To a cikin Disamba na gamu da ita a lif, idanunta jajir a saman takunkumi. Ta ce an sake soke jirginta, ƙasarsu ta rufe ƙofa har ga 'yan ƙasar. Tunda take ba ta taɓa yin Kirsimeti nesa da mahaifiyarta ba, ga tsohuwar ta haura tamanin, ba ta san ko za su ga wani tare ba. Ni kuwa a Kaduna na tashi, inda maƙwabtanmu Kiristoci ke aiko mana da shinkafa da kaza ranar bikinsu, mu aika musu da naman layya ranar namu. Na ga dama ta samu ta rama alheri. Na bugi ƙirji na ce ta bar min komai, ranar ta zo gidanmu cin abincin rana, zan mayar mata da falona kamar tana gida. (Ku lura, ban tambaye ta yadda gidan nasu yake ba. Me zan tambaya, ni da na sani?)

Da na gaya wa Abban Hanifa, ya ɗago daga kwamfutarsa ya ce, “Amma fa Maman Hanifa, ita Ostareliya ai ina ganin a wannan lokacin...”

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce masa ya ji da binciken ƙasar nomansa, ya bar min Turawa, kowa da fanninsa. Bawan Allah ya dube ni, ya dubi kwamfutarsa, ya ce to. Wannan “to” ɗin na daɗe ban yafe masa shi ba.

Na shiga shiri gadan-gadan. A sanina Kirsimetin Bature abu uku ne: dusar ƙanƙara, rigar sanyi, da wuta a murhu. Na je kemis ɗin ƙasan gininmu na kwashe duk audugar da ke kan kanta, har mai shagon ta leƙo ta tambaye ni ko wani ne ya ji ciwo a gida. Na yayyaga ta na liƙa a tagogi, na shimfiɗa a kan teburi, na watsa a saman labule. Na buɗe akwatin da muka zo da shi daga gida na zaƙulo rigunan sanyin da ba mu taɓa sakawa ba tunda muka sauka ƙasar nan. Talo-talo ya gagara samu, na gasa manyan kaji biyu, na yi farfesu mai yaji irin na korar mura, na dafa shayi da citta da kanumfari. Murhu kuwa, na samo bidiyon wuta tana ci na saka a talabijin.

Saura sanyi. Tun da hantsi na rufe tagogi, na ƙure esin falo, wato na'urar sanyaya ɗaki, har ƙarshe, na buɗe na ɗakuna, na haɗa da fanka biyu. Hanifa da na cusa wa hular ulu ta yi ta cewa, “Mama, tak mau lah,” wato ba ta so, na ce ta yi haƙuri, don Anti ake yi. Abban Hanifa ya shige rigar sanyinsa ya zauna a lungu kamar wanda ke jiran likita.

Da azahar aka ƙwanƙwasa. Na buɗe na ga Anti Marion cikin 'yar riga mai furanni marar hannu, da silifas, da malafa a ka. Ta riƙo faranti na jatan lande a kan ƙanƙara, da yankakken mangwaro, da wani farin kek mai kumfa da aka jera wa 'ya'yan itace. Tausayinta ya kama ni. Na ce a raina baƙin ciki ya sa baiwar Allah ta saki komai, ko dafa abinci mai zafi ta kasa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi audugar, ta dubi wutar talabijin, ta dube mu mu uku a ƙudundune, bakinta yana motsi ba magana. Na ɗauka daɗi ne ya hana ta.

Na jawo ta ciki, na zura mata wata rigar sanyin Abban Hanifa, na naɗa mata mayafi a wuya, na danƙa mata kofin shayi. Har da ɗan jawabi na yi: na san tana kewar dusar ƙanƙarar garinsu, wannan auduga ce kawai amma da zuciya ɗaya aka yi. Ta ce ta gode ƙwarai. Leɓenta na rawa, na ce kuka ne ke zuwa, na ƙara jin kaina.

Ana haka wayarta ta yi ƙara, kiran bidiyo daga Perth, garinsu, wanda ashe agogonmu ɗaya da su. Ta jingina wayar a jikin tulun shayi, ni kuma na matso don a ga aikina.

Abin da na fara gani rana ce, irin mai ƙona ƙeya. Mutane sun fi goma a bayan gida a kan ciyawa, kowa da gajeren wando, ƙafa ba takalmi, kawunansu da wasu hulunan takarda masu launi. Ɗan Anti Marion yana tsaye yana gasa nama a waje, jikoki suna fesa wa juna ruwa da tiyo, wasu na buga ƙwallon kurket sun kafa kwandon shara a madadin sandunan wasan. A inuwa kuma ga tsohuwar, ta tsoma ƙafafunta cikin robar ruwa tana fifita da faranti. Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni kuwa sai na tura fuskata gaban wayar na ce da Turancina mai kyau:

“Sannunku da haƙuri, bana sanyin naku ya makara ke nan? Canjin yanayin nan bai bar kowa ba.”

Daidai lokacin Anti Marion, da esi ya gama ratsawa, ta saki atishawa uku a jere.

Nan take tsohuwar ta cire ƙafa daga ruwa ta matso da fuskarta. Me ta gani? 'Yarta a naɗe cikin rigar sanyi da mayafi, tana rawar ɗari, hanci ya yi ja, ga auduga ko'ina kamar ɗakin asibiti, ga kwanon farfesu yana tururi. Ta ce, “Marion, kin kamu ne? Ɓoye min kuka yi?” Ɗan ya ajiye abin juya nama yana tambayar yaushe aka gwada ta, wata jika ta fashe da kuka. Ni da na yi alkawarin faranta wa mace rai, ga shi na tsorata tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu a ranar bikinta. Na ji kamar in shige cikin tulun shayin.

Anti Marion ta fizge mayafin, ta tuɓe rigar, ta ɗaga wayar ta zagaya da ita falon tana rantse musu lafiyarta ƙalau. Ta nuna musu tagogi, ta nuna wutar talabijin, ta ce maƙwabciyarta ce ta haɗa mata Kirsimeti irin na gida. Sai dariyar da ta danne tun daga bakin ƙofa ta ƙwace mata, har ta zauna a ƙasa. Can ma suka ɗauka, tsohuwar tana yi tana share ido. Na waiga neman Abban Hanifa, ashe tuni ya shige kicin, ina hango kafaɗunsa suna girgiza.

Da ta samu numfashi ta riƙe hannuna ta yi min bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa ɗalibar da ake so. A wajensu Disamba tsakiyar bazara ce. Abinci mai sanyi suke ci a waje, jatan lande da mangwaro da wannan farin kek, in rana ta yi sanyi a kwashi yara a tafi bakin teku. Ita kanta sai da ta girma ta yi tafiya sannan ta fara ganin dusar ƙanƙara da idonta. Sai a lokacin na gane abin da na aikata. A duk Kuala Lumpur abu ɗaya ne ya yi kama da gidansu, wato zafin nan, ni kuma tun safe na tara injuna ina korarsa.

Na kashe esi da hannuna, na buɗe tagogi. Muka shimfiɗa tabarma a baranda, na ɗauko robar wankina na cika da ruwa, ta tsoma ƙafa kamar yadda mahaifiyarta ta yi a can, aka jingina wayar suna kallon juna. Hanifa ta yar da hula ta shiga fantsama mana ruwa. Muka ci jatan lande mai sanyi, ta sha farfesuna gumi na zuba. Can na ga tana kallon tsohuwar, hawaye na bin kuncinta, na gaske wannan karon. Ta ce min, “Yanzu kam na zo gida.”

Da ƙaramar Sallah ta matso, sai ga ta a ƙofarmu da ɗan littafi da biro. Ta ce tana so ta yi mana wani abu, amma ta ga ya fi kyau ta fara tambaya yadda muke yi a garinmu. Ta faɗa fuskarta ba alamar dariya, na kuma san da wa take.

Na koyi tambaya kafin in yi wa mutum gwaninta, ko da yake ban daina yarda da kaina ba, hali ne. Sai dai yanzu duk ranar da na buɗe baki na ce “ai ni na sani,” Abban Hanifa ba ya musu da ni. Yakan ɗago ne kawai ya ce, “To, auduga nawa za a sayo?”