Keken da Bai Ƙetare Kwata Ba

Sati biyu na yi ina bincike a waya kafin na sayi keken tura yara. Matata ta haihu ta hanyar tiyata, likita ya hana ta goyo, ga Ummi 'yar shekara biyu ba ta yarda a sauke ta. Na zaɓi mai kujera biyu gefe da gefe, don kada yarinya ta taso tana ganin an fifita ƙaninta. Har tarbiyya na hango.

Mai shagon a Jabi ya ce, "Oga, ka auna ƙofarka?" Na ce masa ni injiniya ne.

Ƙofa kam ba ta ba ni kunya ba. Abin da na manta shi ne siririn katakon da muke takawa mu ƙetare kwata a bakin get, wanda tayoyin keken ba za su hau kansa ba. Shekara huɗu ina bi ta kansa kullum.

Matata ta dubi katakon, ta dubi keken, ta ce, "Baban Ummi, a ka za ka ɗauke mu?"

Yanzu yaron har yana gudu, keken kuma shanya ake yi a kansa. Maƙwabta ba su fasa gaishe ni ba: "Injiniya, yaushe za a fara aikin gadar?"