Zabuwar Surukina

Na daɗe ina fentin mota a Zangon Sokode, amma ranar da surukina ya kawo bas ɗinsa mai zuwa Dapaong a yi mata fari tas, ranar kofin bindigar feshi ya ga damar yoyo. Robar murfinsa ce ta tsage.

Isiyaka mai walda, maƙwabcina, ya ce, "Kai, aika kasuwa a sayo sabuwa mana."

Na yi masa kallon wanda bai san sana'a ba. Na yanko tsohon tiyub na babur, na cusa a murfin, na ɗaure tamau. Yoyo ya tsaya cak. Har ɗaga bindigar na yi don kowa ya shaida.

Na manta tinar da ake sirka fenti da ita tana narkar da irin wannan roba. Ina feshi, sai ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Na ce ƙura ce, na ƙara feshi in rufe. Ina ƙarawa suna ƙaruwa, har na game motar.

Surukina ya zo ya zagaya ta a hankali. Na durƙusa na ce, "Baba, zan kankare."

Ya ce, "Bar ta, gobe akwai lodi. Allah Ya yi albarka."

Da ma zagina ya yi! Yau a tashar Dapaong sunan motar Zabuwa. Shi kuwa bai taɓa tada maganar ba. Sai dai duk dawowarsa yakan aiko mini da tsarabar zabuwa mai rai, a kawo ta har gareji, a gaban Isiyaka.